Sujadar da Allah Yake Karɓa: Jawabi ga Dattawa da 'Yan Ci Rani na Ƙasar Urafan

  Mun sani mafi yawan masu karanta takardar ƙungiyarmu musulmi ne, mu kiristan ƙasar nan kuwa gida-gida ake ƙirga mu. Amma maganar da aka ce mu yi ta shafi kuɗin da 'yan ci rani ke aikowa gida, ta shafi hatsi da bashi da iyakar gona, su kuwa waɗannan ba su tambayar addinin mutum kafin su shiga gidansa. Saboda haka ba mu ga dalilin rufe ƙofa ba. Malaman da ke zaune nan, in sun ji abin da ya yi daidai da karatunsu, to madalla.

Ga yadda maganar ta taso. Samarinmu na birni sun yi karo-karo, sun aiko da kuɗi, sun ce a saya ma ɗakin addu'a na gida lasifika biyu da piyano da injin wuta, domin sujadar ƙauye ta zama irin ta birni. Dattawa suka ce ba haka suka gada ba. Samari na cewa tsofaffi sun kashe sujada da sanyi, mutum ya shiga da barci ya fito da barci. Dattawa na cewa yara suna so su mai da gidan Allah gidan rawa. Kuɗi na nan ajiye, ba a taɓa ko dala ba, kuma akwai mutanen da suka daina gaisawa da kyau a kan wannan. Aka ce tun da mu ke riƙe da allo da alli a lakkol, mu duba Littafi Mai Tsarki mu faɗi wace sujada ce Allah yake karɓa. Ba mu fi kowa sani ba, mu ɗiyanku ne. Amma an tambaye mu, za mu faɗi abin da muka gani.

Bari mu fara da abin da dattawa ke kira gado. Turawan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, suka buɗe Tsibiri kusa da Maraɗi a 1927. Daga can ne bishara ta bi ƙauyuka sannu-sannu har ta iso wajajen Agye da Tasawa da Mayahi. Abin da iyayenmu suka koya a wancan zamani shi ne a zauna shiru, maza gefe mata gefe, a buɗe Littafin Waƙoƙi, a raira ba kiɗa. Ganga da garaya ba su shiga, domin a kunnen mutanen lokacin kiɗa na bori ne, kuma wanda ya baro bori jiya ba ya son abin da zai tuna masa da shi. Suna da dalilinsu, kuma dalili ne mai nauyi. Amma fa mu tuna, muryoyin yawancin waƙoƙin nan daga Ingila da Amurka suka zo, kalmomin kaɗai aka mai da Hausa. Ran da kakanninmu suka fara jin su, su ma cewa suka yi baƙon abu ne. Daga baya matan zumunta suka shigo da tulu da ƙwarya da tafi, suka ƙirƙiro waƙoƙinsu da muryar gida, aka yi gunaguni, aka saba. Sa'an nan bayan taron ƙasa na 1991, da aka buɗe ƙofar ƙungiyoyi, majami'u masu sujada da zafi suka yawaita, wasu daga Najeriya, wasu kamar Vie Abondante a Maraɗi, da ganguna da jita da kwanan addu'a. Watau tsoho ɗaya da Allah ya ja ma kwana ya ga salo uku da idonsa. In da karɓar sujada a salo take, da sai mu ce tsara biyu cikin uku sun yi wahalar banza. Babu wanda zai yarda ya faɗi haka a kan uwarsa ko a kan ɗansa.

Irin wannan gardama tsohuwa ce. A Yohanna sura 4, wata Basamariya ta tari Yesu a bakin rijiya da ita: mutanenta suna sujada bisa dutse, Yahudawa sun ce sai Urushalima, wane ne daidai? Yesu bai tsaya kan zaɓen wuri ba. Ya nuna mata lokaci ya zo da wuri ba shi ne abin dubawa ba, Allah yana neman masu yi masa sujada da ruhunsu, kuma bisa gaskiya. To, wannan gaskiyar ita ce muke so mu tsaya a kanta, domin kalma ce mai sauƙin faɗi ran Lahadi.

Ku duba baiko na farko da Littafi ya ba da labarinsa, a Farawa sura 4. Kayinu manomi ya kawo amfanin gona, Habila makiyayi ya kawo daga garkensa. Aka karɓi na Habila, aka ƙi na Kayinu. Kada 'yan'uwanmu Fulani su yi saurin murna, ba wai Allah ya fi son nama da hatsi ba ne, domin a dokar Musa an yi umurni da baikon gari da na nunan fari. Abin lura shi ne yadda labarin ya jera maganar: sunan mutum aka fara ambata, sa'an nan baikonsa. Allah ya dubi mai bayarwa kafin ya dubi abin da ke hannunsa. Kuma abin da ke cikin Kayinu bai daɗe a ɓoye ba, ya fito a daji, a kan ɗan'uwansa.

Wanda ya fi kowa tsananta wannan magana shi ne annabi Amos, kuma muna roƙon kowane ɗan kasuwa a cikinmu ya sa a karanta masa shi. Amos mutumin ƙauye ne kamar mu, makiyayi daga Tekowa, ya rayu kamar shekara 750 kafin haihuwar Almasihu, zamanin da ƙasar Isra'ila ke cikin wadata. Wurin sujada na Betel cike yake da jama'a, hadayu ba su yankewa, mawaƙa da makaɗa suna aikinsu. A sura 5 Allah ya ce ta bakinsa ba ya son bukukuwan nan, ba zai saurari waƙoƙin ba. Me ya sa? Ba a ce muryar mawaƙa ta yi muni ba, ba a ce kayan kiɗan haram ne ba. Sura 8 ta ba da dalilin dalla-dalla. Mutanen suna zaune wurin sujada suna ƙosawa ranar hutu ta wuce su buɗe rumbu su sayar, suna rage mudu, suna ha'inci a ma'auni, suna haɗa hatsi da ƙaiƙayi, suna mallake talaka a kan bashin da bai kai kuɗin takalmi ba.

Iyayenmu, ku gafarce mu, amma wannan sura kamar a kasuwar Tasawa ko ta Mayahi aka rubuta ta. Wane ne bai san tiya biyu ba, babba ta saye da kaka, ƙarama ta sayarwa da damina? Wane ne bai san yadda ake danna hannu a bakin tiya in ana auna na talaka, a sake shi in ana auna ma kai ba? Kowa ya san bashin watan yunwa. Rumbu ya ƙare tun kafin noman farko, mutum ya zo da dare don kada a gan shi, a ba shi dame ɗaya a kan zai biya biyu in an yi girbi, ko a sayi wakensa ko gujiyarsa tun suna ganye da kuɗin da bai kai rabi ba. Shekara ta kewayo, mai bashi ya fara da rami, ya sake dawowa. Shekara uku ko huɗu a haka, gona ta zama jingina, jingina ta zama saye, mai gona ya koma ɗan barema a gonar ubansa. Ba sata aka yi ba, da shaidu aka yi komi. Sai mai hatsin ya ɗebi zakka daga ribar nan, kashi ɗaya cikin goma cif-cif, ya kai gaban jama'a ranar godiyar kaka, a tafa masa. Wanda aka ci gonarsa yana zaune a benci na baya, shi ma yana tafi. Mu dai ba mu ga inda Littafi ya ce Allah yana karɓar wannan zakka ba.

Haka kuma maganar 'yan barema. Wasiƙar Yakubu sura 5 ta ce ladan ma'aikatan da suka yi girbi, wanda mai gona ya danne, yana ƙara, kuma ƙarar tana kai wa ga Ubangiji. Mu sa wannan kusa da lasifikar da muke son saye. Akwai ƙarar da ke isa sama ba da injin wuta ba, kuma ba lalle ne ta zama tamu ba. Yaron da ya wuni yana noma ƙarƙashin rana, aka ce masa ya dawo ran kasuwa, ran kasuwa aka ce sai wata ta sama, shi ma yana da murya. Ita wannan wasiƙa, a ƙarshen surarta ta farko, ta auna addinin da Allah yake gani tsarkakakke da kula da marayu da matan da mazansu suka mutu. Ku tambayi kanku gonaki nawa na marayu ne suka ragu taki-taki, kowace shekara gamba na matsawa kaɗan, tun ran da aka binne mai gida.

Mu faɗi gaskiya, yunwa ba baƙuwa ba ce a nan, kuma ita ke tona halin kowa. Dattawa sun ga ta 1973 da 1974. Sun ga ta 1984, wadda mutanen ƙasar Maraɗi ke kira El Buhari domin ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Mu da muke yara mun ga ta 2005, lokacin da hatsi yana kasuwa amma kuɗinsa ya fi ƙarfin mai gona. Ko a 2023, da aka rufe iyakoki bayan juyin mulki, kowa ya ga yadda kaya suka hau. A kowace irin wannan shekara akwai wanda ya buɗe rumbunsa, akwai wanda ya ƙara masa ƙaya yana jiran tsada. Mutanen gari ba su manta ko ɗaya ba. Suna iya manta wa'azin da aka yi, amma wannan ba su mantawa.

Yanzu mu juyo gare ku, 'yan'uwanmu na ci rani, domin kada ku ce dattawa da 'yan kasuwa kaɗai aka taɓa. Mun san wahalar da kuke sha. Mun san mai tura baro a Kano, da mai gadi a Legas, da mai haƙar zinariya a arewa, da wanda ya ƙetare hamada bisa bayan mota. Kuɗin da kuka tara gumi ne, ba mai rena shi. Amma akwai wata magana a Markus sura 7 da ta dace da ku. Yesu ya tsawata ma malaman zamaninsa domin sun buɗe wata ƙofa: mutum ya ce dukiyar da ya kamata ya taimaki uwa da uba da ita ya keɓe ta ga Allah, shi ke nan ya kuɓuta daga haƙƙinsu. Yesu ya kira wannan rushe umurnin Allah da al'adar mutane. To, in sunan mutum ya fito a takardar karo-karo da jikka ashirin, matarsa kuwa wata huɗu ba ta ga aike ba, tana daka ma maƙwabta don ta sami dusa, ɗiyansa sun bar lakkol saboda littafi da alƙalami, mu da ke cikin aji mun san kujerun da suka zama wofi, wannan jikka ashirin ba ta Allah ba ce tukuna. Ta mai ɗakinsa ce. Ya mayar mata, in ya rage ya kawo. Kuma salula ba ta maye gurbin ƙafa ba, Hausawa sun riga sun faɗi inda zumunta take.

Yesu ya ma sa tsari a kan wannan a Matiyu sura 5. Mutum ya riga ya iso wurin baiko, kayansa a hannu, sai ya tuna ɗan'uwansa yana da magana a kansa. Umurnin shi ne ya ajiye baikon nan, ya tafi ya shirya da ɗan'uwan, sa'an nan ya dawo. Ku lura, ba a ce in kai ke da magana a kan wani ba. An ce in wani ke da ita a kanka. Watau ba kai za ka yanke cewa ba komi ba. Wannan umurni yana da wuya, kuma manyanmu ma ya ba su wuya. Ikkilisiyar EERN, wadda ta tsaya da ƙafafunta wajen lokacin samun mulkin kai, rigimar shugabanci ta raba ta gida uku wajen 1990, aka sami UEEPN da Salama. Mutanen da suka yi baftisma a ruwa ɗaya suka shekara da shekaru ba su zama tabarma ɗaya ba, alhali kowane ɓangare yana raira waƙoƙi iri ɗaya daga littafi ɗaya. Ba mu ɗauko wannan don mu tona tsohon miki ba, an daɗe da komawa gaisawa da aiki tare. Mun ɗauko shi ne domin mu da ba mu cika ɗaki ɗaya ba, ga mu muna shirin rabuwa a kan piyano.

Akwai kuma wata koyarwa da ke shigowa aljihun samarinmu ta WhatsApp da talabijin, yawancinta daga manyan biranen kudu. Ana ce maka ka shuka iri, watau ka aika ma mai wa'azi kuɗi, Allah zai mayar maka ninki ɗari, ka sami biza, ka sami mota, ciwo ya tafi. Ana sayar da mai da ruwa da ƙyalle da aka ce an yi musu addu'a. Wannan ba sabo ba ne a gare mu, tufafi kawai ya sake. Kakanninmu Anna, kafin su shiga musulunci ko kiristanci, suna kai jan zakara ko baƙar akuya gindin itace, kowane iska da irin dabbar da yake so, a ba shi jini ya ba da damina ko haihuwa. Ba mu zagin su, abin da suka sani ke nan, kuma su aƙalla ba su ɓoye cewa ciniki suke yi ba. Amma iyayenmu da suka karɓi bishara sun bar wancan ne domin sun ji cewa Allah ba a saye shi, ya riga ya bayar kafin a roƙe shi. In muka koma ba shi don ya ba mu, mun koma gindin itace, sai dai yanzu da lambar waya. Kuma abin takaici, wanda ya fi aika irin wannan kuɗi shi ne wanda ya fi matsuwa, mara lafiya da mara aiki.

Kusa da wannan akwai al'adar kiran suna. A tsaya gaban jama'a a ce wane ya ba da kaza, a tafa, wane ya ninka, a yi guɗa. Tsohuwar da ta ƙulla dala biyar a bakin zane sai ta ji kunyar fitowa. Yesu kuwa ya taɓa zama daura da wurin zuba baiko a Haikali yana kallo, mawadata suna zuba da yawa, wata gwauruwa ta jefa 'yan tsabar kuɗi biyu, ya ce ta fi su duka, domin su daga rarar da suke da ita suka bayar, ita kuwa abincinta ne. In da mu ke riƙe da takardar a ran nan, da sunanta ya zo ƙarshe, in ma an rubuta shi.

Ƙaramin abu ɗaya da ya shafe mu 'yan lakkol. Mu da aka horar da faransanci muna da jarabar tashi mu yi addu'a da shi, ko mu cusa shi cikin kowace jimla, a cikin ɗakin da rabin mutanensa ba su taɓa zama aji ba. Tsohuwa ta ce amin ba ta san a kan me ba. Bulus ya gaya ma mutanen Koranti ya gwammace ya faɗi kalmomi kaɗan da jama'a za su gane da ya zuba dubbai da ba mai fahimta. Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, an kuma sake fassara shi bayan shekara kusan hamsin don ya yi sauƙi. Faransanci yana da wurinsa, a aji da ofis.

Kada wani ya fita daga nan ya ce mushe ya ce da aikin kirki ake sayen karɓuwa. In mun faɗi haka, mun sake buɗe kasuwar da muka rufe yanzu. Bangaskiyarmu ita ce ta wurin Almasihu ake karɓar mai zunubi, kyauta. Yesu ya ba da misalin mutum biyu da suka shiga Haikali, ɗaya ya jera ma Allah azuminsa da zakkarsa, ɗaya mai karɓar lanho ya tsaya nesa yana roƙon jinƙai, kuma na biyun ne ya koma gida karɓaɓɓe. Amma ku bi wani mai karɓar lanhon, gajeren nan na Yariko da ya hau itace a Luka sura 19. Yesu ya shiga gidansa tun bai gyara komi ba. Kafin a tashi daga cin abinci, mutumin ya yi alkawarin raba dukiyarsa da matalauta, ya kuma mayar ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta. Karɓuwa ce ta fara zuwa, mayar da haƙƙi ya biyo ta a ranar. In shekara ashirin ta wuce na biyun bai iso ba, ya kamata mutum ya tambayi kansa ko na farkon ya taɓa zuwa.

Game da gini da kayan sauti, tarihin ƙasarmu ya riga ya koya mana darajarsu da iyakarsu. A Nuwamban 2000 an ƙone majami'ar Vie Abondante a Maraɗi. Ran 16 da 17 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatanci na wata jarida ta Faransa wanda kiristan Nijar ba su da hannu a ciki, an ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai, an yi asarar rayuka. A Yunin 2019 an sa wuta a majami'ar Assemblées de Dieu ta unguwar Zariya a Maraɗi. Benci da piyano da lasifika duk sun zama toka cikin sa'a guda. Lahadin da ta biyo, mutane suka taru cikin bango mai baƙin hayaƙi, wasu a tsakar gida, wasu ƙarƙashin rumfa, suka yi sujada da muryarsu kaɗai, shugabanninsu kuma suka yi kiran gafara. Wa zai ce sujadar ran nan ta gaza ta makon da ya wuce? Kuma wajibi ne mu faɗa a gaban iyayenmu musulmi, a waɗannan ranaku akwai maƙwabta musulmi da suka ɓoye kirista cikin ɗakunansu, akwai waɗanda suka tsaya a ƙofa suka hana shiga. Ba mu manta ba. A watan Yunin 2019 ɗin nan ne majalisar dokoki ta amince da dokar tsara sha'anin ibada, wadda ta yi maganar izinin gina wuraren sujada. Takardar hukuma abu ce mai kyau, a neme ta. Amma iyakarta ta ce gini ya halatta.

Ku tambayi kowane dattijo musulmi tsakanin nan da Gulbin Kaba me ya sani game da 'yan mishan. Ba zai raira muku waƙa ba. Zai ce likitar Galmi, wadda aka buɗe a 1950. Zai ce Danja, inda aka karɓi kutare lokacin da danginsu ke gudunsu. Manomi zai ce sassabin zamani, dabarar barin kututture ya tofo a gona, wadda Tony Rinaudo na SIM ya fara da manoman ƙasar Maraɗi a 1983, ta bazu lokacin yunwar 1984, har gonakin da suka zama fili suka koma da gawo da kalgo da sabara, na musulmi da na kirista ba bambanci.

To, me muka gani game da kuɗin da ke ajiye? Ba mu ce kiɗa haram ne ba. Zabura cike take da kayan kiɗa, Dawuda ma ya yi rawa gaban akwatin alkawari. Dattawa su yi haƙuri, yaron da ya taso da kiɗa a kunnensa ba zai yabi Allah da muryar 1930 kaɗai ba, kuma gara ya yi kiɗansa a nan da ya yi shi wani wuri. Samari su ma su yi haƙuri. Ɗakin da mutum talatin ke zama ba ya bukatar lasifika biyu, mai wa'azi in ya yi tari ana jin sa a benci na ƙarshe. Lasifikar da za a ɗora bisa rufi ta fuskanci gidajen maƙwabta ba don Allah ya ji ba ne, don a san muna nan ne, kuma an riga an sani. Injin wuta kuma yana shan mai kowace Lahadi, ba a faɗi wanda zai riƙa saye ba.

Ga shawarar da muke kawowa gaban dattawa, su duba, su gyara. A sayi piyano ƙarami mai aiki da batir da hasken rana, da ganga ɗaya, matan zumunta su riƙe tulunsu da ƙwaryarsu, a riƙa raira tsohuwar waƙa da sabuwa a sujada ɗaya. A bar lasifikar waje da injin. Abin da ya rage, wanda shi ne mafi yawa, a sayi hatsi da shi yanzu da kaka tun yana da araha, a zuba a rumbu ɗaya. In damina ta yi tsakiya a ba da shi rance, tiya ɗaya a mayar da tiya ɗaya, da tiyar da aka auna aka sa mata alama a gaban kowa. A fara da gidajen marayu da matan da mazansu suka mutu ko suka daɗe a ci rani ba aike, kuma ba a tambayar mai zuwa inda yake salla. A daina kiran sunan masu baiko, mutum biyu su ƙirga, a rubuta jimla a allo. Kafin ranar godiyar kaka, dattawan ikkilisiya su zaga gida-gida, duk mai kuɗin ɗan barema a hannunsa ya biya, duk masu rigimar iyaka a fita gona da su da mai gari a kafa gamba inda take tun asali, wanda ya ƙi kuwa a roƙe shi ya riƙe damensa a gida bana.

Rumbun zai bukaci makulli biyu. Muna roƙon ɗaya ya zauna hannun shugabar matan zumunta, ɗayan kuma, in mai gari ya yarda, a ba wani dattijo daga cikin 'yan'uwanmu musulmi wanda gari ya shaida amanarsa. 'Yan ci ranin da suka zuba kuɗin su ne masu maganar ƙarshe a kansa, saboda haka muna roƙon wakilan Maraɗi da Yamai da Kano su tara mutanensu su karanta musu wannan takarda, su aiko da amsa ga magatakardan ƙungiya kafin hatsi ya fara tashi a kasuwa.